Yadda Kajin Gidanmu Suka Ƙanƙance

Kajin gidanmu na Gwandu ƙanana ne. Tun da na yi wayo haka na gan su, ban kuma ɗauki abin a bakin komai ba sai da na riƙa jin Kaka, mahaifiyar Babana, tana maganarsa. Takan zauna a ƙofar ɗakinta da hantsi, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, ta bi su da kallo suna tono a gindin rumbu, sannan ta ce ba irin waɗannan ta kawo gidan nan ba. Waɗanda ta zo da su daga Dodoru tana amarya, in ji ta, farare ne da jajaye, zakaransu in ya miƙa wuya yana leƙa cikin turmi. Na taɓa zuwa na tsaya kusa da turmin na duba. Babu zakaranmu ko ɗaya da zai iya haka, ko da ya yi ɗage.

Kaka ta miƙa wa Inna, mahaifiyata, kiwon tun shekarar da aka kawo ta gidan tana amarya, kuma daga wannan shekarar take ƙirga lalacewar kajin. Ba ta faɗa wa Inna a fuska. Da ni take yi, ko da kajin kansu, da muryar da za ta kai har madafa.

"Ƙawata, zo ki duba mini wanga abu, idona ya yi rauni. Kaza ce ko kurciya?"

Sai ta ci gaba ita kaɗai. Ta ce akwai hannun da in ya taɓa dabba sai ta bunƙasa, akwai kuma wanda in ya taɓa ta sai ta riƙa komawa baya, kuma ba laifin mai shi ba ne, haka aka halicce shi.

Inna ba ta taɓa tankawa ba. In maganar ta same ta tana daka, sai dakan ya ɗan ƙara sauri. In tana tankaɗe, sai ta juya baya kamar iska ce ta sauya. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama hira da ni yadda take yi da ƙannena. Ni ma ba mai magana ba ce, ko a aji sai an nuna ni da yatsa nake buɗe baki. Muna gida ɗaya, ina ganin abin da ke cinta, amma ba ni da hanyar da zan bi in taɓa zancen.

Abin da ya fi damuna shi ne na san irin wahalar da take sha a kan kajin. Takan cika tsohuwar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa, ta kife a bayan gida, washegari ta ɗauko cike da gara ta zube wa 'yan tsaki. Kaskon ruwansu kullum sai ta wanke. Duk ƙyanƙyasar da aka yi sai ta jiƙa galura ta shafe fararen 'yan tsakin su koma ruwan hoda don kada shirwa ta gane su, ta kife su da kwando har su yi ƙwari. Yatsunta sukan yi kwanaki da launin. Duk da haka kowace shekara kajin sai su fito kamar an ɗan rage musu wani abu.

Maganar ba ta tsaya cikin gida ba. Wata rana na bi Inna gidan suna a unguwarmu, akwai ɗan akuya ɗaure a tsakar gida, ta miƙa hannu za ta shafa kansa. Matar gidan ta janye igiyar tana dariya, ta ce a rufa mata asiri, shi kaɗai gare ta. Mata suka kwashe da dariya, Inna ma ta yi. Da muka kamo hanyar gida ta cusa hannun cikin hijabi har muka iso.

Gidanmu gidan sauka ne tun zamanin Kakana. Mutanen Malisa da na Dodoru da suka zo asibiti ko kasuwa, ko mota ta bar su, zaurenmu suke kwana. Baba ya gaji wannan, yana kuma ji da shi fiye da gonar albasarsa. In baƙo ya sauka, da kansa yake shigowa ya ɗebi gero a tafin hannu ya watsa. Kaji su taru, shi kuma ya goya hannu a baya ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna da haɓa. A kamo masa, ya ɗaga ya ji nauyi, ya latsa ƙirji. In bai gamsu ba ya sake, a kamo wanda ya fi. Yakan ce ba za a ajiye wa baƙo ƙashi a gidansa ba. In babu zakaran kirki, sagarar da ta fi cika ido ita ke tafiya.

Akwai wani ɗan guntun zakara fari, mai karkataccen zanko da dusasshiyar cara. Shi ba a taɓa nuna shi da haɓa ba. Ko an watsa gero a gaban Baba yake ci, har ya taka masa takalmi. Na girma ina ganinsa, ƙannena suna kiransa ɗan tsoho.

A dogon hutun da na gama aji ɗaya na sakandare aka tura ni Kalgo wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, don ta haihu tana neman mai riƙe mata jariri. Mijinta yana noman shinkafa yana kuma su. Gidansu a ƙarshen gari yake, dangar zana ce kawai tsakaninsu da fili, daga filin sai fadama, kore shar har inda ido ya tsaya.

Da safiyar farko na fito alwala sai na tsaya da buta a hannu. Kajin Gwaggo manya ne, masu dogayen ƙafafu masu kauri, kusan dukkansu baƙaƙe ko wake-wake kamar zabi. Zakaransu ya wuce ta gabana a hankali, ƙaiminsa kamar ɗan yatsana. Na tsuguna ina kallonsu har Gwaggo ta fito.

"Ke bebiya, mi kike kallo? Babu kaza a Gwandu?"

Na ce akwai, amma ba irin waɗannan ba. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce ai irin namu ne, daga akurkin gidanmu Kaka ta kamo mata su ranar da za a kawo ta Kalgo, ba ta taɓa sayen kaza ta haɗa da su ba. Na ce to ina fararen? Ta nuna sama da muciya.

Ban fahimta ba sai bayan 'yan kwanaki. Ina zaune a inuwa da jaririn a cinya, wata kaza ta fita fili da 'ya'yanta, duk duhu-duhu sai ɗaya mai haske. Inuwa ta gifta a ƙasa, uwar ta yi wani irin kuka, 'yan tsakin suka lafe cikin ciyawa na daina ganinsu. Mai hasken shi ma ya lafe, amma ina hango shi daga inda nake kamar an yar da auduga. Shirwa ta sauko ta ɗauke shi. Na ƙanƙame jaririn. Da na gaya wa Gwaggo, ba ta ko ɗago daga shinkafar da take tsincewa ba. Ta ce ita ba ta da lokacin galura da kwando kamar Innata, wanda ya tsira shi ne nata. A farkon zuwanta, in ji ta, farare sun fi yawa, amma a filin nan ba sa kai labari, har aka wayi gari da wuya a ƙyanƙyashe fari.

Wani abin kuma na gani. Baƙo ya zo daga Diggi, dattijo mai carbi, aka yi masa shimfiɗa. Na zauna ina jiran mijin Gwaggo ya shigo ya watsa gero. Sai na ga ya nufi wani baho a bayan ɗaki, ya zura hannu ya fito da tarwaɗa mai tsawon kamu. Ita aka dafa. Duk zaman da na yi ban ga an yanka wa baƙo kaza ba. Ranar kasuwa kuwa Gwaggo kan kama ƙanana da masu sanyin jiki ta ba da a sayar. Wani mai sayen kaji ya yi ta naci a kan babban zakaran, ta ce masa ya je ya nemi nasa, wannan uban gida ne.

Da hutu ya ƙare ta cika wani kwano da buntun shinkafa ta binne ƙwai a ciki, ta ɗaure da tsumma. Ta san abin da mahaifiyarta ke faɗa a kan Inna, duk dangi sun sani.

"Ki kai wa Innarki. Kada ki ƙara komai a kai, tsaraba ce kawai. In kin fasa su a mota kuma ki ce ban ba ki ba."

A cinyata na riƙe kwanon har Birnin Kebbi, na sake riƙe shi har Gwandu, duk ramin da mota ta faɗa sai in ɗaga shi sama. Muka yi sa'a akwai kazar da ta fara kwanci, Inna ta zuba mata su. Wasu ba su ƙyanƙyashe ba, wasu cuta ta ɗauke su da sanyin farko. Cikin waɗanda suka rage akwai namiji ɗaya, baƙi mai jan wuya. Garar da sauran ke ci ita yake ci, kasko ɗaya, hannu ɗaya ke zuba musu. Kafin a gama girbin dawa ya kere sa'o'insa, kafin a dasa albasa ya kere manyan kajin gidan.

Na zaci wannan zai rufe maganar, tunda ga shi a hannun Inna ya tashi. Kaka ta daɗe tana kallonsa wata safiya, fuskarta ta saki yadda ban saba gani ba. Sai ta ce, "Wanga shi ne irin da munka sani. Albarkar ɗiyata ce ta biyo shi tun cikin ƙwai." Inna tana shara a lokacin. Ta ci gaba da sharar har wurin da ta riga ta share.

A zangon nan ne malamin aikin gona ya shigo aji da zangarniyar gero biyu, ɗaya doguwa cike, ɗaya 'yar firit. Ya ce ɗa yana ɗauko siffa daga iyayensa, ko shuka ko dabba, amma 'ya'yan ba sa fitowa daidai da juna. Manomin da ke ware zangarniya mafi kyau ya ajiye iri, da makiyayin da ke barin bijimi mafi ƙarfi a garke, suna zaɓar wanda zai haifi na gaba ne, in aka daɗe ana haka sai irin gaba ɗaya ya karkata can. Ya ce ko babu hannun mutum ana wannan zaɓin, fari da cuta da masu farauta suna rage wasu su bar wasu, waɗanda suka rage su ne ke haihuwa, haka Allah ya tsara abin. Nan na tuna ɗan tsakon da ya lafe a ciyawa. Sannan ya tambaya, da wasa, me zai faru in manomi ya riƙa cinye mai kyau yana shuka ragowar. Aji ya yi dariya, wata ta ce wane mahaukaci ne zai yi haka.

Ni ban yi dariya ba. Baba na gani tsaye da hannu a baya yana nuni da haɓa, da ɗan tsoho yana tsattsagar gero a kan takalminsa. Duk zakaran da ya yi saurin girma a gidanmu ba ya kaiwa ga hawan kaza, baƙo ke cinye shi. Wanda aka raina shi ke zama, shi ne uban kowace ƙyanƙyasa, kafin shi ma wani irinsa ne. Mutumin da ke ƙanƙantar da kajin shi ne wanda kowa ke yabo, da abin da ake yabonsa a kai.

Na yi kwanaki da maganar a bakina. Ranar da na faɗa, Inna tana tuƙa tuwo da la'asar, ni ina tura mata kara a murhu. Wutar na kalla na yi ta magana, a hargitse, na fara da gero na koma Kalgo na dawo kan tarwaɗa. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba. Muciyar ta tsaya.

"Malamin naku ne ya ce kajinmu?"

"A'a. Gero ya ce."

Ta leƙa tsakar gida. Ɗan tsoho yana can yana korar baƙin zakaran daga wurin kaji, ga shi bai kai kafaɗarsa ba, amma baƙin zakaran yaro ne, gudu yake. Ta daɗe tana kallo. Sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci ta ce, "Ashe wanga ɗan banza ne mijin gidan." Ta ci gaba da tuƙi. Can kuma, ba tare da ta dube ni ba, ta ce in rage wutar.

Ban san yadda ta gaya wa Baba ba. Na dai ga baƙon da ya zo bayan nan, Baba ya watsa gero, idonsa ya sauka kan baƙin zakaran, ya daɗe, sannan ya kakkaɓe hannu ya fita. Ya dawo da nama daga wurin mahauta. Haka aka yi a baƙo na biyu. Inna ta ce da zarar baƙin zakaran ya iya tsayawa da ƙafarsa a cikin kaji, za a yanka ɗan tsoho a yi mana miya. A kwanakin nan har waƙa na ji tana yi ƙasa-ƙasa wajen wanke kasko.

Kaka ta lura tun baƙon farko. Ta bar zancen hannu ta kama wani. Ta ce ita dai a zamanin mai gidanta ba a taɓa ajiye wa baƙo naman kasuwa ba alhali zakara na yawo a tsakar gida yana cara, baƙo yana jinsa daga zaure. Ta ce ba ta san lokacin da gidan nan ya koma gidan da ake ɓoye abu ba, ɗanta dai ba haka ta haife shi ba. Ba ta ambaci rowa da baki ba. Wata tsohuwa da ke zuwa mata hira ce ta ambata, ta kuma fita da kalmar. Ba a jima ba wata 'yar ajinmu ta tambaye ni wai gaskiya ne Innata ta hana a yanka wa baƙi kaza.

Lokacin cire albasa ƙanin Kaka ya zo daga Dodoru. Tsoho ne, ya daɗe bai zo ba, ciwon ido ya kawo shi asibiti. Shi ya riƙe Baba yana yaro. Bayan an gaisa Baba ya shigo ya ɗebi gero ya watsa. Kaka ta fito ta zauna a ƙofarta. Kaji suka taru, baƙin yana tsakiya, ya fi kowa da kai guda. Baba ya goya hannu, ya kalli baƙin, ya kalli ƙofar madafa. Daga ƙarshe ya nuna wata sagara ja, 'yar madaidaiciya, ya ce wannan ma ta isa.

Inna ce ta fito. Ta bi ta bayan kajin a hankali yadda ta saba, ta sunkuya, ta cafke ƙafafun baƙin zakaran. Bai ko yi yunƙurin gudu ba, ya saba da hannunta. Ta haɗe fikafikansa ta miƙa wa Baba tana kallon ƙasa.

"Malam, ga shi. Kawu ne."

Baba ya karɓa ya ɗaga, hannunsa ya ɗan yi ƙasa don nauyi. Ya nufi bayan rumbu.

Ni aka ba fiɗa da figa. Gashin wuyan nan ja yana manne mini a yatsu, ina yi hawaye na ɗiga cikin ruwan zafin. Inna tana gefe tana jajjaga. Ban tambaye ta ba, ita ta yi magana, da muryar da ba za ta wuce madafa ba.

"Ke, share fuskarki. In an ce ba ni da hannu, an ce daga Allah ne, dariya kawai za a yi. In an ce marowaciya ce, ni aka zaga, da gidan da na fito, har da ke ranar da za a zo tambayar aure a kanki."

Na ce amma yanzu ta san ba hannunta ba ne. Ta ce ta sani, ta kuma ji daɗin sani. Ta karɓi naman ta wanke.

Tsohon ya ci ya yi santi, har ya aiko a tambayi inda aka samo irin wannan kaza a zamanin nan. Daga ɗakinta Kaka ta amsa da ƙarfi cewa irin gidansu ne na Dodoru, ta hannun ɗiyarta ta Kalgo ya dawo. Da safe ta fito da fara'a, har ta sa wa Inna albarka a kan miyar. Maganar rowa ta mutu daga ranar. Ba a yi sati ba ta kira ni in duba mata ko kaza ce ko kurciya.

Akwai wata kaza da ta shiga kwanci a ƙarshen kwanakin baƙin zakaran. Ban sani ba ko ya taɓa samunta a bayan idon ɗan tsoho. Da ta ƙyanƙyashe na tsuguna bakin kwandon ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu farare ne, Inna ta shafa musu galura. Akwai ɗaya mai duhu, ƙafafunsa kamar sun ɗan fi na sauran kauri, ko kuma idona ne ke so ya ga haka. Ban nuna wa kowa ba. Na ga Inna ma ta ɗauke shi ta juya shi a tafin hannu, ta ajiye.

Yanzu kullum in na dawo makaranta wurinsa nake fara zuwa, kafin in cire hijabi. In ya girma, bakin Kaka zai sauka daga kan Inna na 'yan watanni, sannan wani ya yi sallama a zaure. In bai girma ba, zai daɗe a duniya, Inna kuma ta ci gaba da ɓoye hannunta a gidan suna. Nakan zuba masa tsakin gero a gefe shi kaɗai, wani lokacin kuma in tsaya da tsakin a hannu, in rasa ko in zuba ko in mayar.